Rasuwar Bidiyon Gidana Mai Ƙaramin Kaset

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ko da yake ita zuciyar ta daina gaya mini abin da ke cikinta, ni Alhaji Aƙilu Jumare na Ƙofar Kuyambana, tsohon akawu a ofishin ilimi, ina sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da abokan arziki rasuwar bidiyon gidana, mai ƙaramin kaset, wanda ya cika ranar Talata bayan la'asar, cikin wannan shekara ta 1999.

Marigayin ya zo gidan nan daga Jidda a 1984, cikin tsarabar aikin hajjina. A lokacin babu irinsa a duk layinmu. Mai nauyi ne, mai natsuwa, ba ya garaje. In an ba shi kaset sai ya ce "ƙirrr... kacak", ya ɗan yi shiru, sannan hoto ya fito. Bai taɓa tauna kaset ɗin kowa ba. Tsofaffin unguwa da Allah bai nufa da zuwa Makka ba, a cikinsa suka ga ɗawafi, suna zaune a kan tabarma suna share ido da gefen zane.

Ciwon ajalinsa ya daɗe, kuma ba a jikinsa ya fara ba, a kasuwa ya fara. Bai jima da zuwa ba masu ba da hayar kaset a Tudun Wada suka koma babban kaset, wanda ba ya shiga bakinsa. Bai yi ƙorafi ba. Bara kuma aka shigo da faifai mai ƙyalli kamar madubi, wanda aka ce da kwamfuta ake matse fim a cikinsa, sai na'urar da ta san irin wannan matsin ce ke iya warware shi. Marigayi bai ji yarensu ba, su ma sababbin ba su ji nasa ba.

Da haka cimarsa ta ragu, ta koma kaset ɗaya tak, na walimar saukar karatun 'yata Jamilatu. A tsakiyar kaset ɗin, mahaifiyarta, matata Adama, tana ratsa tsakar gida da tiren waina. Ta hango mai kyamara, ta ja mayafi, tana dariya ta ce, "Alhaji, ka ce ya kau da abin nan, ban shirya ba." Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Adama ta rasu a 1991, Allah ya jiƙanta, kuma babu muryarta a ko'ina a duniya sai a nan. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci nakan sa kaset ɗin, in kalli wurin, in mayar baya, in sake kallo. Marigayi bai taɓa nuna ya gaji da ni ba.

Da hotonsa ya fara rawa, farin layi yana ratsa fuskoki, ɗana Inuwa ya ɗauki kaset ɗin ya kai Kaduna wurin wani mai haɗa finafinan biki da kwamfuta, don a juye shi a faifai. Yadda ya tafi da shi haka ya dawo.

Ya ce, "Baba, mutumin ya ce kwamfutarsa ba ta karɓar wannan. Sai an kai bidiyo irin namu an jona mata."

Na ce, "To, ga namu nan."

Muka sa ranar Laraba za mu kai shi. Ranar Talata Jamilatu ta zo daga gidanta a Tudun Jukun, ta ce, "Baba, a sa mini Inna in gani kafin a tafi da ita." Na sa. Adama ta fito da tire, ta kai tsakiyar gida, ba ta kai ga buɗe baki ba. Marigayi ya ce "gurrr... tak". Talabijin ya yi fari. Muka ji ƙauri.

Bahago mai gyaran rediyo na Ƙofar Kibo shi ya duba shi na ƙarshe. Ya kwance murfin, ya daɗe yana leƙe, sannan ya ajiye sukundireba.

Ya ce, "Alhaji, kan da ke karanta kaset ɗin ya tafi, injin ma ya ƙone. An daina ƙera irinsa tun tuni. Ko Legas ka je, wuya ka samu."

Ya zare kaset ɗin a hankali, bai tsinke ba. Na yi masa godiya.

Marigayin ya rasu ya bar talabijin guda, abokin zamansa, da rimot mai igiya da ba ya aiki da kowa sai shi. Ya bar sabuwar na'urar faifai da Inuwa ya sayo, wadda har yanzu tana cikin kwalinta. Ya kuma bar kaset ɗin, lafiya lau, a tsaye daidai inda ya tsaya, don babu mai mayar da shi baya.

Ban yi kuka ba. Na ci tuwona, na je masallaci, na amsa gaisuwa. Jiya dai na nemi muryar Adama a cikin kaina. Kalmomin suna nan duka. Muryar ce ban samu ba.

Za a yi jana'iza gobe Alhamis da hantsi. Babu wanka, babu salla, na san ƙarfe ne, ba sai an tuna mini ba. Jamilatu za ta goge shi, Inuwa ya naɗe wayarsa, a kai shi ƙarƙashin gado a ɗakin da ba mai kwana. Za a karɓi gaisuwa a zaure har azahar. Mai addu'a ya yi wa Adama.

Daga cikin ganuwa har Samaru, duk wanda ke da bidiyo mai ƙaramin kaset yashe a sito, wanda in an jona shi yake motsi, ya taimaka ya aiko a gaya mini. Aron yini ɗaya nake nema. Ba sai an kawo ba, ni zan zo in ɗauka da kaina.