Kaskon Wuta a Diobu

Shekarar da muka koma unguwar Diobu a Fatakwal bayan yaƙin basasa, na rantse sanyin damina ba zai kama ƙirjin jaririyata ba. Ni da na tashi a Jos, wa zai koya mini ɗumama ɗaki? Na cika kasko da gawayi, na toshe taga da tsumma.

"Malam, gawayin nan a jiƙe yake fa," in ji matata.

"Ke dai zuba ido."

Hayaƙi ya turnuƙe, yarinya ta sarƙe da tari. Uwar ta sure ta ta yi waje. Maƙwabta suka yo kaina da bokitan ruwa, sun zaci gobara ce.

Yanzu yarinyar har ta yi aure, amma maƙwabcinmu Ɗanladi mai tsire bai daina tsokanata ba: "Malam, yau ba a gasa iyali?"