Ranar da Na Nome Dawar Gidan Bitrus

Ko da tsufa zai kwashe mini komai, ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na nuna wa 'yan gidanmu gwanintar noma ba. A damunar da ta biyo bayan ƙuri'ar nan ta ko mu bi Najeriya ko Kamaru ne, ina ajin farko a makarantar kwana ta 'yan Katolika da ke gefen Mubi.

An raba mu gida huɗu, kowane da sunan waliyyi, da kyaftin ɗinsa, da malamin da ke kula da shi. Namu Gidan Bitrus. Tare muke ci, tare muke kwana, kuma kowane gida yana da gonarsa a bayan makaranta. Dawar da gida ya noma da ita ake dama wa 'yan gidan kunun Lahadi, wanda kuma ya fi yabanya ya ɗauki kofi. In gonarku ta lalace, sai ku yi shekara kuna kallon kofunan wasu suna tururi.

Matsalata ɗaya ce. Kusan duk 'yan gidanmu 'ya'yan manoma ne daga Vimtim da Digil da duwatsun Michika, ni kuwa ɗan tela ne a cikin gari. Abin da na sani game da dawa shi ne tuwo. Da na ga in ana hirar gona ba ni da ta cewa, sai na ƙirƙiro wa kaina kaka a Betso, mai gonar da sai an wuni ba a kai ƙarshenta ba. (Kakan nawa na gaskiya ma tela ne, Allah ya ji ƙansa.) Kullum in an zauna sai na ƙara wa gonar nan faɗi.

Da lokacin noman farko ya zo, kyaftin ɗinmu, Siniya Vandi, wani dogo mai magana a hankali, ya tara mu yana rabon aiki.

"Kai ɗan Betso," in ji shi, "tunda ka saba da babban gona, ɗauki kunya shida na bakin mayo. Kai kaɗai ka isa, ko?"

Na ce, "Shida kawai, Siniya?"

Na saɓa fartanya na tafi can ƙarshen gona, kusa da mayon, wato rafi, inda ba mai ganina. Na tsaya na duba. Komai kore! Amma ni mai ilimi ne, sai na yi lissafi: ga wasu tsirrai dogaye masu ƙiba, sun bazu ko'ina cikin ƙoshin lafiya, ga kuma wasu 'yan sirara, sun cure huɗu-huɗu, biyar-biyar wuri guda kamar marayu. Wane mahaukaci ne zai shuka abu a cunkushe haka? Ai waɗannan su ne ciyawa. (E, na lura a jere suke reras. Na ɗauka ciyawar mishan ma tarbiyya gare ta.)

Na duƙufa. Ban taɓa aiki da zuciya ɗaya kamar ranar ba. Hannuna ya yi bororo, gumi ya jiƙa rigata, na tumɓuke 'yan siraran nan kaf na tara su tsibi guda, na kuma yi wa dogayen tudu da kyau don kada iska ta kayar da su. Na riga kowa gamawa. Da na hango Fada, limamin mishan, da malamin gidanmu, Malam Tizhe, suna zagayen duba aiki, ni da kaina na ɗaga fartanya na kira su. Sauran 'yan gida suka biyo baya don su ga aikin ɗan Betso.

Siniya Vandi ya tsuguna gaban tsibin, ya ɗauki tsiro ɗaya ya juya shi kamar mai duba gawa.

"Ɗan'uwa," ya ce, "wannan dawa ne fa. Ka cire shi duka?"

Hamman, wanda gadonsa ke kusa da nawa, ya zagaya ya dubi dogayen da na yi wa tudu. "Siniya, zo ka gani. Ya yi wa ciyawa gata! Ko shanun babana ba su taɓa samun irin wannan ba."

Dariya ta fashe. Fada ya juya baya yana tari a hankici, kafaɗunsa na rawa. Kunya shida aka ba ni, na samo ta bakwai, kuma ita ce ta fi tsawo.

Malam Tizhe bai yi dariya ba. Ya ce, "A Betso wane gida ne naku?"

Na ce, "Malam, ban taɓa zuwa ba."

Na rufe ido ina jiran bulala. Sai na ji ya ce, "To, Gidan Bitrus ya cire dawarsa, Gidan Bitrus zai mayar. A kawo bokitai kafin rana ta kashe su."

Haka mu arba'in muka wuni muna dashe, wasu na jido ruwa daga mayo, muna jiyo ihun sauran gidaje a filin ƙwallo. Na tabbata ba mai sake yi mini magana. Amma da aka zo cin tuwo, ina raɓe a bakin ƙofa, Siniya Vandi ya matsa ya buga benci da tafin hannu.

"Zo ka zauna, Sarkin Noma. Daga Asabar kunyarka kusa da nawa."

Rabin dashen ya kama. Kofi dai Gidan Yusufu ya ɗauka, kunun Lahadinmu kuwa a shekarar ya ɗan yi ruwa-ruwa, kuma duk wanda ya kurɓa sai ya ɗaga mini kofi ya ce, "Ranka ya daɗe!" Sarautar ta bi ni har na gama makaranta.

An ce ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Tawa ko furen ba ta kai ba. Tun daga ranar, in zan yi cika baki, nakan fara tabbatar da cewa ba abin da za a iya miƙo mini kayan aikinsa ba ne.