Tarwaɗa Mai Gashin Bakin Kaka

"Sannu da zuwa, Likitar Kifi. Tun kina bakin ƙofa ƙarninki ya riga ki sallama."

"Yauwa, tsoho. Yaya zaman kulle?"

Kakan ya watsa mata harara daga kan tabarma. Tun ranar da jiri ya kayar da shi a hanyar kasuwa, 'ya'yansa suka ɗaura masa wani agogo mai nuna wa wayoyinsu duk inda ya sa ƙafa. Gogan naka ya yi zuciya, ya rantse ba zai ƙara leƙa waje ba. Mutumin da bai iya wuni a zaune ba, ga shi ƙafafu har sun fara kumbura. Abin yana cin ran jikar tasa, amma ta san lallashi ba ya kama wannan tsoho, sai tsokana.

"An ce aikinki yanzu maƙala wa kifi na'ura a gadon baya. Sata ya yi?"

"Sawunsa muke bi, mu ga inda yake kwana da inda yake kiwo."

"Sawu a cikin ruwa. Kai, an yi asarar karatu."

"Kafin mu yarda da na'urar, sai mun gane ko ita ce ke canza masa hali. Karfasa in an maƙala mata, sai ta ƙi abinci, ta yi ta goga baya da dutse, ta ware daga 'yan uwanta. Kwana kaɗan ta manta, ta koma harkarta."

"Marar zuciya ke nan."

"Akwai dai wata tsohuwar tarwaɗa, gashin bakinta sak naka. Tun da aka sa mata ta shige ƙarƙashin dutse, ta ƙi fitowa."

"Wannan ce ta san mutuncin kanta. Ki gaishe min da ita."

"Wane mutunci? Kullum wuri ɗaya na'urarta take nunawa. Shugabanmu ya ce a sa ta cikin waɗanda suka mutu."

Tsoho ya shiga murza agogon a hannunsa. Ta dake ta ƙarasa.

"Jiya ma Baba ya duba waya, ya ce agogonka ya lalace, ɗigon da ke nuna inda kake ba ya motsi. Na ce agogo lafiyarsa lau, mai agogon ne ya lalace."

"Ni? Ni da nake ƙetare kogi da iyo lokacin da ubanki ke ihu in an sa shi a baho?"

"Da can ke nan. Yanzu ko karfasa ta fi ka ƙarfin hali."

Ya ɗaga filo zai jefe ta, sai dariya ta ƙwace masa har da tari.

"Miƙo min sanda da hula, marar kunya. Ki kai ni in ga 'yar'uwata kafin ku binne ta da ranta. Kuma ta doguwar hanya za mu bi, ta bayan kasuwa. Bari ubanki ya yi ta bin ɗigo a waya har shi ma jiri ya kwashe shi."