Masar Baba Mai Shara

Matso kusa ka ji, amma kar ka yi dariya da ƙarfi.

Ni ba mai fita ba ce, bokona ma bai yi nisa ba, sai dai kunnena ba ya mantuwa. Daga tsakar gidanmu a Jekadafari nake rubutu kan abincinmu a kundin ilimin nan na intanet da kowa ke sa hannu. Duk abin da na rubuta, sai wani mai suna Mai Shara ya biyo baya ya sa wa ƙ da ɗ lanƙwasarsu, ba faɗa ba gori.

Na ƙera shi a raina: dattijo mai farin gemu a inuwar darbejiya, tabarau a kan hanci. Kullum sai na leƙa shafinsa na rubuta: "Baba, ina gajiya? Ya iyali?" Shiru. Na ce fulako ne irin na manya.

Ranar taron masu gyaran kundin a unguwar Arawa na soya masa masa, kula guda. Da na isa na ce, "Ina Baba Mai Shara? Tasa ce, kar wanda ya taɓa."

Falmata shugabarmu ta riƙe baki. "Inna, ai inji ne, ba mutum ba!"

Chinedu da ke gefenta ya ce, "Mama, mun daɗe muna karanta gaisuwarki." Ashe shafin a buɗe yake ga kowa.

Suka cinye masar tas. Har yau in na yi gyara sai wani ya rubuto, "Inna, ya jikin Baba?"

To kai faɗa min, wanda ke share maka ƙofa kullum, ba a gaishe shi?