Yadda Za Ki Kori Baƙin Babanki da Gashin Hanji

"Ki ce musu ke likita ce," in ji Baba. "Kika sake ambaton hanji gaban mutane, kada ki sa ran ganina ranar da za ki kare digirinki gaban malamai."

Na ce, "Baba, ba zan faɗa ba. Hanji nake bincike."

'Yar'uwa, in ke ma haka ta same ki, bi matakan nan. Na ba ki tabbaci falo zai zama wayam.

1. Jira loma

Kada ki yi gaggawa. Bari sai abokin Baba ya cika baki, ya ce, "'Yata, me ake karantawa?" Ki ce, "Inda lomar nan za ta, Baffa." Mai haƙuri kan dafa dutse, mai ilmi kan hana a ci.

2. Ɗauko tawul

Ki shimfiɗa shi gaban kowa. Ki ce haka bangon hanji yake, kowace ƙwayar halitta da ɗaruruwan gashi tsaye a kanta, su ke tsotse abinci. In Goggo ta ce, "To, a yi masa aski mana!" ki tambaye ta ko ta zo da reza.

3. Zama ɗan dako

Cikin kowane gashi akwai igiyoyi. A kansu wani furotin mai suna miyosin yake dakon kaya zuwa tsini. Ɗora filon kujera a ka, ki bi gefen kafet, ƙafa bayan ƙafa. Ban da murmushi. Furotin ba ya murmushi.

4. Koma da baya

Akwai miyosin guda da ke yin baya alhali 'yan'uwansa na yin gaba. Ba don shi ba, da gashin ya cukurkuɗe. Ki yi ta ja da baya, idonki cikin na Baba, har ki ture tiren kofuna. Mama za ta leƙo daga kicin ta ce, "Wannan furotin a gidan nan ya koyi hali."

5. Jure

Za a koma kiranki Mai Hanji. Ki amsa da ƙarfi. In baƙi sun zo, a kicin za ki ci abinci. Ba komai, hanji bai san falo ba.

Gargaɗi

Ba ruwana da fasassun kofuna, ko Baffan da ya daina zuwa, ko abin da zai biyo baya. Ni dai na kare digirina. Ranar, a zauren jami'a, na kama wa Baba kujerar gaba, na ɗora jakata kada wani ya zauna. Har aka tashi, jakar ce ta saurare ni. Bai zo ba, kuma har yau bai tambaye ni yadda aka ƙare ba.