Idon Ikrama Na Dama

"Lafiya lau, sai gajiya. Ya gida, ya su Kawu?"

"Ajiye gaisuwar nan, bawana. Cire tabarau in gani."

Zulfa ke nan ta tare taubashinta Ikrama a bakin zauren gidansu da ke unguwar Sabo a Ibadan, ko buhun albasar da ya ɗauko daga kasuwar Shasha bai sauke ba. Ita 'yar kawunsa ce, don haka tun suna yara take kiransa bawa, shi kuma har yau bai amsa ba. Yarinyar nan ta gama koyon kwalliya, gobe za ta yi wa amaryarta ta farko, Mas'uda, mai fatar ido da maiƙo kamar an shafa man gyaɗa. Yayar amarya kuwa ta faɗa ƙarara: in aishado, wato launin fatar ido, ya caɓe a hoto, Zulfa ta nemi wata sana'ar.

Shi ya sa da safe ta nemi fuskar gwaji, kuma kaf unguwar babu fuskar da ta kai ta Ikrama mai tsire maiƙo. Idon dama ta goge shi tas, ta shafa firaima mai riƙe kwalliya, ta bi da hoda, sannan ta ɗora launi mai ƙyalli. Na hagu kuwa launi kawai ta sa. Ta maƙala masa baƙin tabarau, ta ce ya je ya sha rana ya dawo mata da sakamako. Sai da ta haɗa da alƙawarin kwanon shinkafar biki kafin ya yarda.

Ya cire tabarau. Fuska fes.

"Inna lillahi! Ina kwalliyata?"

"Tana rariyar masallacin Shasha."

"Me ya kai ta can?"

"Alwala na yi. Ko so kike in bar azahar saboda fentinki?"

"Shebi, ba na ce maka kada ka taɓa idon ba?"

"Kin ce kada in sosa. Ban sosa ba, wankewa na yi."

Zulfa ta dafe kai. Wallahi abin tausayi ne, don ɗan firaimar da ya rage mata na amarya ne, ba na sake gwaji ba.

"Allah Ya haɗa ni da bawa marar kan gado," in ji ta. "Da akuya na shafa wa da yanzu na san matsayina."

"Akuya ba ta shiga tasin Micra da mutum shida a rana tsaka. Ni na shiga, tun daga Ojoo gumi ke bin tabarau."

"Gumi ko kitsen tsire? Kai fa in aka matse goshinka sai a soya ƙosan unguwa."

"Abeg, kar ki zagi fuskar da kika zo roƙo da sassafe. Ke har kina da bakin magana? Girar da kika zana wa kanki, ɗaya tana Ibadan ɗaya ta kama hanyar Ilori."

"Oya, na ji. Kafin ka wanke, me ka gani? Wanne ya zauna, wanne ya taru a lanƙwasar ido?"

"Da madubi nake yawo? Ni mai tsire ne, ba ƙawar amarya ba."

"Ikrama, sana'ata ce fa a hannunka! Gobe in idon Mas'uda ya yi layi-layi, na shiga uku a Sabo."

"Ke kika shiga uku? Ni da na riga na shiga tara a Shasha?"

Nan fa ya dire buhun, ya gyara tsayuwa, takaici ya taso masa sabo.

"Na manta shaf da abin da ke fuskata. Na tsuguna a layin alwala, na cire tabarau, ga Alhaji Jatau dillalin albasa a gefena. Ya kalle ni, ya ajiye buta, ya ce, 'Ikrama, wa ya naushe ka a idon hagu?'"

"Naushi?"

"Wai ya yi baƙi, ya zazzago, ya cure wuri guda. Sai ya leƙo ɗaya gefen, ya yi salati, ya ce, 'Na daman kuma ai na amarya ne! Yaushe aka ɗaura, ba gayyata?'"

Zulfa ta matso. "Tsaya. Na dama ya ce?"

"Na dama! 'Yan dako har guɗa suka yi min. Na hagu ruwa ɗaya ya tafi. Na daman nan kuwa sai da na ari sabulun mai wankin babur, ina dirzawa ana dariya, har aka tayar da salla. Yanzu haka alwalar ma ban san matsayinta ba, sai na tambayi liman."

"Rufe idon."

"Ba zan rufe ba."

"Rufe, bawa!"

Ya rufe yana ƙunƙuni. Ta kama haɓarsa ta juya shi wajen haske. Ga ƙyallin nan kwance a fatar idon dama, ya sha rana, ya sha gumi, ya sha sabulu, bai ko gusa ba.

Ai sai Zulfa ta daka tsalle. "Ya zauna! Gogewa, firaima, hoda, launi! Mas'uda ta tsira, ni ma na tsira!"

"Ni fa? Gobe da wace fuskar zan koma Shasha? Har sun raɗa min suna, wai Amaryar Albasa."

"Pele, sannu amarya. Allah Ya ba da zaman lafiya."

"Zulfa, zan haɗa ki da Kawu."

Dariya ta ci ƙarfinta har ta zauna a kan buhun. Ta zaro auduga da man zaitun daga jaka ta miƙa masa.

"Ungo, goge. Na sallama, yau kai ne ubangida. Kwano biyu zan kawo maka, har da cinyar kaza."

Ya karɓa yana harararta da ido mai ƙyalli.

"Uku. Kuma ki gaya wa amaryarki ta yi alwala kafin ki taɓa ta. Ita ba ta san mai wankin babur ba."