Rawanin Malam Kunkuru

Shekara uku ke nan damina tana yi wa Kurmin Gawo rowa. Ciyawa ta ƙone, rafuka sun zama hanya. Jakuna, waɗanda su ne talakawan dajin, suka koma cin ɓawon itace suna godiya, don fada ta sanar cewa haƙuri ma abinci ne.

A bakin tafki ɗaya da ya rage Malam Kunkuru yake zaune. Shi ne mai roƙon ruwa, gado tun kaka da kakanni. Al'adar kurmin kuwa ita ce, ranar roƙo Sarki Zaki zai sauko da ƙafarsa ya tsaya cikin taɓo, Kunkuru ya lissafa masa laifuffukan fada na shekarar a gaban kowa, sannan a roƙi ruwa, jakuna su ce amin. Saboda haka duk wanda aka zalunta bakin tafki yake kai kukansa, Malam ya riƙe masa har ranar. Ba kullum ruwan ke zuwa ba. Amma ko bai zo ba, jaki kan koma gida da sanyi a rai, don an faɗi abin a gaban mai shi.

Bana jerin ya yi tsawo, kuma rabinsa sunan Waziri Kura ne. Na ƙarshe wata jaka ce ta kawo, Ladidi. Ɗanta ya kai itace gidan Waziri, igiyar wuyansa kaɗai ta fito.

Saura wata guda a yi roƙo, majalisa ta zauna. Waziri ya miƙe, ya gyara murya.

"Ranka ya daɗe, abin kunya ne a ce bawan Allah kamar Malam yana kwana cikin taɓo, mu muna inuwa. Wannan gwamnati mai tsoron Ubangiji ce. Mun ƙudiri aniyar ɗaukaka ibada, mu kawo ta cikin fada, kusa da zuciyarmu."

Dila magatakarda ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, ai daga nan an huta. Wanda ya soki fada ya soki roƙon ruwa, wanda ya soki roƙon ruwa kuwa shi ya hana damina."

Zaki ya yi hamma. Dila ya rubuta cewa Sarki ya amince.

Aka ɗauko Kunkuru, aka naɗa shi Sarkin Roƙo da rawani kamu goma sha biyu. A yi masa adalci, ba kwaɗayi kaɗai ya kai shi ba. Ya ce a ransa, wanda ke kusa da kunnen Sarki ba ya buƙatar ihu. Sai dai kunnen barci yake yi yawancin lokaci, ɗanyen ganyen rama kuwa kullum safe yana zuwa, a shekarar da jaki ke cin ɓawo.

Rawanin ma ya zo da nasa. Na farko, ya hana kan Malam shiga ƙoƙonsa. Na biyu, nauyinsa kan rinjayi wuya. Duk lokacin da Waziri ya kawo wata doka, kan Malam sai ya sunkuya, Dila ya rubuta: Malam ya gyaɗa kai. Masu kawo kuka kuma suka daina zuwa, tunda ƙannen Waziri ne ke gadin ƙofa.

Ranar roƙo ba a je tafki ba. An ce taɓo bai dace da martabar Sarki ba, aka yi shimfiɗa a ƙofar fada. Dila ya miƙa wa Malam takarda. Laifin Sarki na bana: yawan tausayi. Laifin Waziri: ƙin hutawa saboda talakawa.

Kunkuru ya ɗaga ido, ya ga Ladidi a sahun gaba da igiya a baki. Maganarta tana kan harshensa, numfashin Waziri kuma yana kan ƙeyarsa. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Ya karanta takardar har ƙarshe. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, ya ja kai zai ɓuya, rawani ya tokare.

Ya yi roƙon ruwan, ya saurara. Kuraye suka ce amin, kuma kowa ya san amin ɗin kura da dariyarta murya ɗaya ce. Jakuna dubu suna tsaye, ko kunne ba wanda ya kaɗa.

Ladidi ta tako, ta ajiye igiyar a gabansa.

"Malam, da can in fada ta ci mu, kai muke gaya wa. Yanzu ka zama fada. To, nuna mana wanda za mu gaya wa."

Kunkuru ya buɗe baki. Rawani ya rinjayi wuyansa. Dila ya rubuta: Malam ya gyaɗa kai.

Jakuna suka karkace baya ɗaya bayan ɗaya, itacen fada da tulunan ruwanta da suke ɗauke da su suka zube a ƙasa. Suka juya suka nufi tafki, ba mai roƙo a gabansu.

Can Zaki ya farka, ya ce a kawo masa ruwan sha.